MAI ABU DA ABINSA: Gyara da Kanka ko Kai wa Bakanike?

Gabatarwa

Akwai wata muhawara da ba ta ƙarewa a tsakanin masu inji, ana yin ta a tasha, ana yin ta a kan bencin gareji, ana kuma yin ta a bakin fadama lokacin noman rani. Muhawarar ita ce: idan mutum yana son a sauya wa injinsa yadda yake aiki, ya rage shan mai, ko ya ƙara ƙarfi, ko ya koma amfani da iskar gas, shin ya sa hannu da kansa ne ya fi, ko kuwa ya miƙa wa masu sana'ar? Wanda ya saurare ta sama-sama zai zaci maganar kuɗi ce kurum, watau wanne ya fi araha. To amma idan muka zauna muka dube ta da idon basira, za mu tarar akwai tambayoyi masu nauyi a ƙarƙashinta. Mene ne ma'anar mutum ya ce abu nasa ne? A ina ikonsa a kan abin ya tsaya? Kuma in ya ba wani amanar gyara, nauyin ya sauka daga wuyansa ke nan?

A wannan maƙala za mu ɗauki misalanmu daga Jihar Zamfara, musamman Tsibiri ta ƙaramar hukumar Maradun da maƙwabtanta na Talata Mafara da Bakura. Dalili kuwa shi ne, da wuya a sami wani yanki a Arewa da ya ɗanɗani zaƙi da ɗacin zama da inji kamar wannan yanki.

Daga Kabureta zuwa Ƙwaƙwalwa

Manya daga cikinmu ba za su manta da zamanin motocin Peugeot ba, waɗanda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, musamman 504 da kowa ya sani da Fijo. A wancan zamani kabureta ce ke haɗa fetur da iska, kuma duk direban da ya amsa sunansa yana da sukuddireba da sifana a bayan mota. In mota ta soma shan mai, ko ta riƙa mutuwa a tsaye, sai ya buɗe bonet, ya kasa kunne, ya murɗa ɗan kusa kaɗan-kaɗan har sai ya ji muryar injin ta daidaita. Iliminsa a kunnensa yake da yatsunsa, kuma kuskurensa a fili yake: in ya murɗa da yawa nan take injin zai gaya masa.

Motocin da suka cika hanyar Gusau zuwa Sakkwato a yau, su Golf da Sharon da Corolla, ba haka suke ba. An cire kabureta an sa nozul, an kuma ɗora wata ƙaramar kwamfuta a kan aikin, wadda kanikawa ke kira ƙwaƙwalwar mota. Ita ce ke karɓar labari daga wasu ƙananan na'urori da aka dasa a jikin inji: yawan iskar da ke shiga, zafin ruwan lagireto, saurin juyawar inji, da irin hayaƙin da ke fita ta salansa. Da wannan labari take yanke shawarar yawan fetur da za ta fesa da kuma lokacin da fulogi zai ba da wuta. Lissafin kuwa ba na wasa ba ne, domin a kan kowane ma'auni 1 na fetur ana buƙatar kimanin ma'auni 14.7 na iska, in aka auna da nauyi. Idan fetur ya yi yawa, asara ce da baƙin hayaƙi. Idan ya yi ƙaranci fiye da kima, inji ya ɗauki zafi, bawul ya ƙone, fistin ya lalace. Idan kuma wutar fulogi ta zo da wuri fiye da yadda ya kamata, sai inji ya riƙa ƙwanƙwasa a ciki yana cin kansa, direba bai sani ba, sai ranar da ya buga.

Tun 1996 dokar Amurka ta tilasta kowace sabuwar mota ta zo da wata kafa mai baki 16 a kusa da sitiyari, inda ake jona na'ura a karanta abin da ke damun ƙwaƙwalwar, ƙasashen Turai kuma suka bi sahu a 2001 ga motocin fetur. Da yake yawancin motocinmu daga can suka fito, kusan duk suna da wannan kafa. Yau da ƙaramar na'ura mai araha da wayar hannu, yaro mai ɗan karatu yana iya ganin abin da motar babansa ke kuka da shi. Wanda ya zurfafa kuwa, ya sami kayan aikin, yana iya shiga ciki ya sauya lissafin da kamfani ya rubuta. A nan ne tambayarmu ta sami sabon kaifi.

Darasin Bakalori

Kafin mu saurari ɓangarorin biyu, bari mu waiwayi tarihin yankin. A tsakanin 1974 da 1978 kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya gina madatsar ruwa ta Bakalori a kan gulbin Sakkwato. An tsara a shayar da kimanin hekta 23,000 a ƙasashen Talata Mafara da Bakura da Maradun. Kimanin hekta 8,000 an shirya ruwa ya gangara musu da kansa ta kanal, saura kimanin hekta 15,000 kuwa aka shimfiɗa musu bututu da manyan injinan turo ruwa, domin a riƙa yi musu yayyafi ta sama kamar damina. Tun aikin bai kammala ba manoma suka tashi tsaye a kan gonakinsu da aka karɓe da diyyar da ba ta zo yadda ya kamata ba, har aka kai ga abin da ya faru a watan Afrilu 1980, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wuta aka rasa rayuka masu yawa.

Abin da ya shafi batunmu shi ne abin da ya biyo baya. Tsarin yayyafin nan yana buƙatar wutar lantarki ba yankewa, da kayan gyara daga ƙetare, da injiniyoyin da suka san shi. Manomin da ruwan ke sauka a gonarsa ba shi da hannu a cikin ko ɗaya. In inji ya tsaya, iyakarsa ya zuba ido ga hukuma, hukuma kuma ta zuba ido ga kasafin kuɗi. Kafin shekarar 2003 tsarin yayyafin ya daina aiki, ɓangaren kanal ne ya rage ana nomawa. Da Bankin Duniya ya shigo da shirin TRIMING a 2014 domin farfaɗo da wurin, daga cikin ayyukan har da mayar da wani ɓangare na filin yayyafi zuwa tsarin kanal, watau an koma ga abin da mutanen wurin za su iya riƙewa.

A ɗaya gefen kuma, mu dubi ƙaramin injin ban-ruwa mai shan fetur, wanda ya bazu a fadamun Arewa musamman daga shirin Fadama na 1993. Ba shi da kwarjinin injinan Bakalori, mutum ɗaya ma yana ɗora shi a bayan babur. Amma manomi ya kwance shi ya ga cikinsa, ya koyi wanke kaburetarsa da goge fuloginsa da sauya masa ringi, kayansa kuma suna nan a kasuwar Talata Mafara. Shi ya sa ya rayu. Da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, manoman rani a sassa da dama na Arewa ba su jira kowa ba, suka sauya kaburetar injinansu suka jona musu tukunyar gas ta girki. Darasin a bayyane yake: injin da mutum bai iya buɗewa ba, ko da sunansa ne a kan takarda, aro ne a hannunsa, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

Hujjar Mai Abu

Da wannan darasi masu cewa a sa hannu da kai suke kafa hujja, kuma hujjarsu ba ta yarwa ba ce. Suna cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kamfanin da ya rubuta lissafin ƙwaƙwalwar mota ya rubuta shi ne domin sanyin Jamus da fetur ɗin Jamus da titin Jamus, bai san zafin bazarar Bakura ba, bai san ƙurar hunturu ba, bai kuma san irin gurɓataccen man da ya shigo ƙasar nan a watan Fabrairu 2022 ya lalata injina ba. Me zai hana wanda ke zaune da motar dare da rana ya daidaita ta da halin da take ciki?

Suna ƙarawa da cewa kamfani ba waliyyi ba ne. A 2015 aka gano kamfanin Volkswagen ya dasa dabarar yaudara a ƙwaƙwalwar motocinsa masu shan dizal kimanin miliyan 11, ta yadda suke rage hayaƙi in ana gwajinsu, su saki abinsu in sun hau titi. A Amurka kuma manoma sun shafe shekaru suna jayayya da kamfanin John Deere a kan ya kulle ƙwaƙwalwar taraktocinsa, sai dilansa kaɗai ke iya wasu gyare-gyare, har hukumar kula da cinikayya ta ƙasar ta kai shi kotu a watan Janairu 2025. Ashe ke nan kukan manomin Bakalori da na manomin Amurka iri ɗaya ne: abu nawa, mabuɗi a hannun wani.

Hujja ta uku ita ce ta halin garejinmu. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, amma kowa ya san gyaran lalube: yau a ce sayo nozul, gobe a ce sayo famfon mai, jibi a ce ai ƙwaƙwalwar ce ta mutu. Kowa ya san yadda ake cire tamostat a jefar, a jona fanka kai tsaye, da sunan wai ƙasarmu akwai zafi. Abin da ke biyo baya shi ne inji ba ya kaiwa zafin da aka tsara masa, ƙwaƙwalwa ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta yi ta ƙara fetur. Kowa kuma ya ji labarin abin tace hayaƙi na cikin salansa, wanda ake kira indomi, da ake kwashewa a sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa, wani lokaci mai mota bai sani ba. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa, kuma wanda aka yi wa shi sau biyu ba za a ga laifinsa ba in ya ce gara ya koya da kansa.

Hujjar Masu Sana'a

Kanikawa su ma suna da tasu. Na farko, suna cewa karanta lambar da na'ura ta nuna daban, gane cutar daban. Na'ura tana iya cewa abin auna hayaƙi ya ba da labari marar kyau, alhali shi lafiyarsa lau, wata roba ce ta tsage iska ke shiga ta ɓarauniyar hanya. Wanda ya shekara goma a ƙarƙashin maigidansa ya ga irin wannan sau ɗari, shi kuwa mai waya a hannu yau ya fara gani.

Na biyu, kuskuren kabureta yana da baki, na ƙwaƙwalwa kuwa bebe ne. Mutum zai rage fetur a lissafi, ya ga mota ta daina shan mai, ya yi murna, ya ba abokai labari, alhali a ciki fistin yana gasuwa. Sai bayan wata biyu, a kan hawa, da lodi, da tsakar rana, abin ya bayyana. Garin neman gira an rasa ido.

Na uku, kuma shi ne mafi nauyi, a wannan yanki mutuwar mota a hanya ba ƙaramin abu ba ne. A shekarun nan da matsalar 'yan bindiga ta addabi ƙasar Maradun da kewayenta, direban da ya tashi daga kasuwa da yamma yana lissafin ya isa gida kafin faɗuwar rana ne. Motar da ta mutu a daji da mata da yara a ciki, ba asarar inji kaɗai ake tsoro ba. Wa ya shawarci waɗannan fasinjoji kafin a yi gwaji da abin da ke ɗauke da su?

Sai dai a nan ma akwai abin lura. A watan Oktoba 2024 wata mota ta fashe a wurin shan iskar gas a birnin Benin ta jikkata mutane, hukumomi kuma suka ce tukunyar da aka ɗaura mata ƙirar masu walda ce, ba wadda aka amince da ita ba. Irin gas ɗin da motoci ke sha ana danne shi ne da ƙarfin da ya ninka iskar tayar mota kusan sau 90. Aikin mai sana'a ne, amma sana'arsa ba ta kai nan ba. Ke nan kasancewar mutum yana da rumfa da kayan aiki ba shi ne shaidar ya san abin da yake yi ba.

Ma'aunin da Muke Gani

Idan muka auna hujjojin nan za mu ga kowane ɓangare ya faɗi gaskiya, amma duk sun tsaya a kan wane ne zai yi aikin. A ganinmu tambayar da ta kamata a fara yi ita ce: in aka yi kuskure, a kan wa zai faɗa? Manomi yana da ikon ya shayar da fangalinsa yadda ya ga dama, ya cika shi ko ya bar shi da ƙishi, shi zai girbi sakamakon. Amma ba shi da ikon ya fasa ƙofar kanal da dare, domin ruwan da zai ɓalle gonar maƙwabci zai ci. Da wannan ma'auni za mu iya kasa al'amarin gida uku.

Gida na farko shi ne sani. Wannan wajibi ne a kan duk mai inji, ko zai riƙe sifana ko ba zai riƙe ba. Ya san abin da fitilar gargaɗi ke nufi, ya san amfanin tamostat, ya iya karanta abin da na'ura ta nuna ko ya sa a karanta masa. Karantawa ba ta ɓata kome. Rashin sani ne ke mayar da mai abu bawan wanda ya sani.

Gida na biyu shi ne gwajin da kuskurensa ke tsayawa a aljihun mai shi. Injin ban-ruwa a fili cikin gona, ko tsohuwar motar da aka jingine domin koyo, ko injin da aka kwance a kan tebur. A nan sa hannu abin yabo ne, kuma duk wanda ya hana matashi taɓawa ya cuci al'umma, domin da koyo akan iya. Babu ƙwararren da bai taɓa ɓata wani abu ba kafin ya ƙware.

Gida na uku shi ne sauyin da ya shafi wasu: fasinja da ya biya kuɗinsa, mai tafiya a gefen titi, yaran unguwa da ke shaƙar hayaƙi, da wanda zai sayi motar nan gaba. A nan mallaka ba ta isa hujja ba, ƙwarewa ce sharaɗi, ko a hannun mai mota take ko a hannun bakanike. In kai ne ka ƙware, bismillah. In ba kai ba ne, nemo wanda ya ƙware, ko da sai an je Gusau ko Sakkwato. Kuma miƙa mabuɗi ba ya sauke nauyi. Wanda ya ce wa mai wayarin, “Malam, a kashe mini wannan fitilar, ta dame ni,” ya san ba cutar aka kashe ba, mai faɗa masa gaskiya aka toshe wa baki. Wanda ya goge lambobin matsala da safe ya kai mota kasuwa da rana, algus ya yi, babu bambanci da mai zuba tsakuwa a buhun shinkafa. Shi ma bakanike da ya karɓi aikin da ya fi ƙarfinsa saboda kunyar cewa ban iya ba, ya ci amana tun kafin ya ɗaga bonet.

Daga wannan ma'auni wasu ladubba ke fitowa. Duk wanda zai sauya lissafin ƙwaƙwalwa ya fara adana na asali, domin a sami wurin komawa. A sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya, a gwada a kusa da gari kafin a ɗauki fasinja. Bakanike ya nuna wa mai mota abin da ya cire da dalilin cirewa. Mai sayarwa ya gaya wa mai saye duk abin da aka taɓa.

Kammalawa

Mun ga yadda Bakalori ta koya mana cewa injin da aka kulle wa mai shi ba ya daɗewa, mun kuma ga cewa injin da kowa ke taɓawa da ka yana iya cin rai. Mafita ita ce ilimin ya sauko inda injinan suke. Kanikawanmu da suka tashi da kabureta ba su gaza ba, zamani ne ya sauya musu darasi ba tare da ya ba su malami ba. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau nan a Talata Mafara. Muna kira gare ta, da ƙungiyar kanikawa ta NATA, da ƙungiyoyin direbobi, su haɗa kai a shirya gajerun kwasa-kwasai da harshen Hausa a kan ƙwaƙwalwar mota da aikin gas, inda maigida mai kunne da yaronsa mai waya za su zauna benci ɗaya, kowa ya ƙaru da abin da ɗan'uwansa ya sani. Mu kuma masu abin hawa, kafin mu murɗa wani kusa ko mu ba da umarnin a murɗa, mu juya mu dubi kujerun baya mu ƙirga mutanen da za su zauna a kai. Allah ya sa mu dace.